Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: A Kan Kalmomin Turanci Masu Haruffa Iri Ɗaya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan shafinku na koyon Turanci, musamman jerin kalmomin nan da kuka buga kwanakin baya, waɗanda suka yi tarayya a wasu haruffa, kowace da ma'anarta a gefe. Ni tsohon malamin Turanci ne, na yi shekara 32 da alli a hannuna kafin in yi ritaya, kuma har yanzu idan na ga yaro riƙe da takarda yana motsa leɓe, sai na matsa in ga abin da yake karantawa.

Jikata ce ta kawo mini shafin. Ta yanke shi da almakashi ta manna a bangon littafinta, kwana biyu tana nanata shi. Na ji daɗi ƙwarai, domin ba kullum jarida ke tunawa da ɗalibi ba. Na ce ta karanta mini da ƙarfi. Kalmomin duk masu ɗauke da haruffa huɗun nan ne, ough, ita kuwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta furta su da sauti guda, yadda hankali zai ba kowa. Da ta gama ta ce, "Kaka, tunda haruffansu ɗaya ne, ashe ma'anarsu ma 'yan uwan juna ne?" Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tambaya ce mai kyau, kuma jerin da kuka buga bai amsa ta ba.

Bari in fara da waɗanda ta karanta. Though, wato "ko da yake", ƙarshenta na fita kamar o, haka ma dough, kwaɓaɓɓen gari. Through, ratsawa ta cikin abu, ƙarshenta u ne mai ja. Tough, mai tauri, da rough, mai kaushi, da enough, abin da ya isa, duka suna ƙarewa da af. Cough, tari, tana ƙarewa da of. Bough, babban reshen itace, da plough, garma, da drought, fari na rashin ruwan sama, a cikinsu sautin au ne. Thought, tunani, o ne mai tsawo kafin a kai ga t. Thorough kuwa, yin abu tsaf ba tare da an bar komai ba, a bakin mutanen Ingila ƙarshenta wani gajeren wasali ne da ke wucewa kamar ba a faɗe shi ba. Haruffa huɗu, furuci har bakwai, ma'ana kuma babu abin da ya haɗa tari da garma. Yaron da aka ba shi waɗannan a jeri ɗaya ba tare da an ce masa komai ba, an koya masa rubutu daidai, an kuma koya masa furuci ba daidai ba a lokaci guda.

Abin yana da dalili, kuma na lura a aji cewa duk ranar da na faɗa wa yara dalilin, sun fi riƙe kalmomin. A tsohon Turanci, wurin da ake rubuta gh yanzu akwai sauti na gaske, wanda ake gogawa a maƙogwaro ko a ganɗa, dangin harafin kha na Larabci. Jamusanci, wanda yake ɗan uwan Turanci ne na jini, har yau yana furta shi: abin da Bature ɗan Ingila ke rubutawa night, dare, Bajamushe na cewa Nacht, light, haske, Licht, daughter, 'ya mace, Tochter. A Ingila sautin ya mutu a hankali. A wasu kalmomi ya ɓace ɗungurungum, a wasu ya rikiɗe ya koma f, shi ya sa aka samu tough da cough da laugh, dariya. Ana cikin haka, tsakanin wajen 1400 zuwa 1700, furucin dogayen wasulan harshen ma ya yi ta sauyawa. Shi kuwa rubutu, tun da William Caxton ya kafa injin buga littafi na farko a Ingila a 1476, ya fara daskarewa, kuma ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ƙara danne shi wuri guda. Baki ya ci gaba da tafiya, takarda ta tsaya. Noah Webster ya yi ƙoƙarin rage wahalar a Amurka da ƙamus ɗinsa na 1828, shi ya sa Ba'amurke ke rubuta plow a inda ɗan Ingila ke rubuta plough, amma yawancin ough sun tsira daga almakashinsa.

Labarin kn ma haka ne. Knee gwiwa, knife wuƙa, knot ƙulli, knock ƙwanƙwasawa, know sani. A da ana furta k ɗin sarai, sai wajen ƙarni na 17 ya faɗi daga baki ya zauna a rubuce. Waɗannan jeri ne mai amfani ga mai koyon rubutu, amma a gaya masa cewa amfaninsu ke nan, kada ya wahalar da kansa yana neman alaƙa tsakanin wuƙa da sani.

Sai dai kada a fahimce ni a kan cewa tarayyar haruffa kullum banza ce. Akwai inda ita ce mabuɗin ɗakin gaba ɗaya, kuma nan ne na fi so ku zuba ƙarfinku. Mu Hausawa ai mun san wannan a harshenmu ko da ba mu taɓa sa masa suna ba. Idan ka ji manomi, maɗinki, masaƙi, mahauci, ka san ma- ɗin nan mai aikin take nunawa. Idan ka ji makaranta, masallaci, mahauta, ka san wuri ne. Idan ka ji mabuɗi ko madubi, kayan aiki ne. Yaro ɗan shekara shida zai iya jin kalmar da bai taɓa ji ba, irin su mashigi, ya cinko ma'anarta. Kuma wannan yaron ba zai taɓa zaton mage mai yin "ge" ba ce, ko mace mai yin "ce", domin kunnensa ya san inda ma- ke aiki da inda take zaman kanta. Wannan kunnen ne ɗalibin Turanci ba shi da shi, shi ne kuma aikin malami da na shafi irin naku su gina masa.

Fiye da rabin kalmomin da ke cikin ƙamus ɗin Turanci daga Latin suka fito, wasu kai tsaye, wasu ta hanyar Faransanci. Babban dalili shi ne cin Ingila da yaƙi da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi a 1066, abin da ya mai da Faransanci harshen fada da kotu na kusan shekara 300, har sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci. Kalmomin da suka shigo ta wannan ƙofa sun shigo ne gida-gida, kowane gida da saiwarsa, kuma wanda ya san saiwa ɗaya ya san kalma goma.

Ɗauki spect, daga kalmar Latin mai nufin kallo. Spectator ɗan kallo ne. Spectacles tabarau, abin da ake kallo ta cikinsa. Inspect shi ne leƙa cikin abu don a bincika, mai yin haka kuma inspector, wanda bakinmu ya mayar sufeto. Prospect hangen abin da ke gaba. Suspect, zargi, asalinta kallon mutum daga ƙasa, kuma duk wanda aka taɓa yi wa kallon ƙasa-ƙasa ya san dalilin da ya sa ta zama zargi. Respect, girmamawa, asalinta sake kallo, waiwayen mutum don ya isa a waiwaye shi. Har expect, sa rai, 'yar gidan ce, s ɗinta ne ya narke cikin x; ma'anarta ta asali leƙa waje kana jiran mai zuwa. Na sha tsayawa a gaban allo in rubuta spect kaɗai a tsakiya, in ce yara su kawo mini danginta. Ajin da ke barci sai ya farka, domin kowa na so a ce shi ya gano ta gaba.

Ko port, ɗauka. Porter ɗan dako. Portable abin da ake iya ɗauka a tafi da shi. Import ɗauko kaya zuwa cikin ƙasa, export fitar da su, transport ɗauke su daga nan zuwa can, wato sufuri. Report ɗauko labari ka dawo da shi, ita ce muka ara muka ce rahoto, sana'arku ke nan ya Edita. Support ta fi burge ni: asalinta ɗaukar abu ta ƙasansa, daidai da yadda muke cewa tallafi, kalmar da ke nufin sa hannu a ƙarƙashin kaya kafin ta nufi taimako. Amma ko a wannan gidan akwai maƙwabci da ke zaune kusa: port mai nufin tashar jirgin ruwa daga wata kalmar Latin ta zo, portus, ita ce ke cikin airport da passport, fasfo ɗinmu. Sauran gidajen ba sai na tsawaita ba. Dict faɗa ce: predict faɗin abu kafin ya faru, contradict faɗin kishiyar abin da aka faɗa, verdict hukuncin da aka faɗa a kotu, dictionary taskar abin faɗa. Scrib da script rubutu ne, kamar a manuscript, rubutun hannu, da prescription, abin da likita ya rubuta. Tele daga Girkanci take, ma'anarta nesa, ita ce a tarho da talabijin kafin mu gyara su su dace da harshenmu.

Akwai ma haruffan da ba a furtawa amma suna nuna dangantaka, kuma ina ganin zalunci ne a ce wa yaro "haka nan ake rubutawa" alhali akwai amsa. G ɗin da ke kwance shiru a sign, alama, yana tashi ya yi magana a signal da signature. B ɗin doubt, shakka, yana fitowa a dubious, abin da ake shakka a kansa. Na debt, bashi, yana fitowa a debit. Waɗannan biyun ma malaman da ne suka cusa musu b da gangan don su tuna wa mai karatu asalinsu na Latin, da can dette da doute ake rubutawa. Wani lokaci kuma malaman sun yi kuskure: s ɗin island, tsibiri, an saka shi ne bisa zaton kalmar 'yar uwar isle ce, alhali tsohuwar kalmar Turanci ce da ba ta taɓa samun s ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne ɗafa-goshi, wato ɗan gutsuren da ake manna wa kalma a gabanta. Ana koya wa yara cewa un- tana kore ma'ana: happy farin ciki, unhappy rashinsa, lock kulle, unlock buɗe. Gaskiya ne. Amma na taɓa ganin wani ɗan littafin koyarwa da ya jera unhappy, unkind, uncle, under da uniform a shafi guda a ƙarƙashin kai ɗaya. Uncle kawu ne ko baffa, babu abin da aka kore. Under ƙarƙashi ne. Uniform kuwa uni- ce a gabanta, mai nufin ɗaya, kamar a unity, haɗin kai, da union, ƙungiya. Yaran da suka yi karatu da wannan littafin sun zo hannuna daga baya, kuma na ɗauki makonni ina kwance abin da aka ƙulla musu.

In- ta fi haɗari, domin kashi biyu ce masu fuska ɗaya. Ɗaya tana korewa: visible abin da ake gani, invisible wanda ba a gani, correct daidai, incorrect ba daidai ba. Ɗaya kuma tana nufin ciki: income kuɗin shiga, inject yin allura, include haɗawa da. Na taɓa ba aji kalmar inflammable su fassara, kusan dukansu suka rubuta "abin da ba ya kama wuta". Jikina ya yi sanyi, domin kalmar nan a jikin tankar mai da tukunyar gas ake rubuta ta, kuma ma'anarta abin da ke kama wuta nan take. In- ɗin cikinta ta shiga ce, daga inflame, cinna wuta. Ruɗanin ya kai ga masu kula da kariya daga gobara sun fi son a rubuta flammable kawai, wanda ba ya ƙonewa kuma a ce non-flammable. Tun daga ranar ban ƙara barin wani aji ya fita daga hannuna bai san wannan kalmar ba. Invaluable ma tana yaudara ta wata hanyar: in- ɗin korewa ce, amma abin da ta kore shi ne iya ƙiyasta daraja, don haka ma'anarta abu mai darajar da ba ta misaltuwa. Wani ɗalibina ya taɓa ɓata rai da aka rubuta masa cewa gudummawarsa invaluable ce, yana zaton an ce ba ta da amfani, alhali yabo ne mafi girma.

Wani abin kuma, ita in- mai korewa tana sauya kama don ta dace da harafin da ke biye: impossible ba zai yiwu ba, illegal ya saɓa doka, irregular ba bisa tsari ba. Haruffa sun bambanta amma gida ɗaya ne, wato akasin matsalar da na fara da ita. Ban taɓa shan wahalar bayyana wa ɗalibi Bahaushe wannan ba, domin a bakinsa take. Al- ta Larabci da ke alƙalami da alheri da aljihu ita ce ta koma an- a annabi, ad- a addini da addu'a, at- a attajiri. Da zarar na kawo wannan misali sai in ga kawuna suna gyaɗawa.

Tunda na ambaci al-, jeri ne da zai yi wa masu karatunku daɗi, domin Turanci ma ya ari kalmomin Larabci da al- ɗinsu a manne, kamar yadda muka yi. Algebra daga al-jabr take, kalmar da ke cikin sunan littafin lissafin Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Sunansa kuma shi ne ya zama algorithm, kalmar da masu kwamfuta ba sa kwana ba su faɗa ba. Alcohol daga al-kuhl, wato kwalli. Alchemy tsohon ilimin haɗa sinadarai. Alkali kuwa, sinadarin da ke kishiyantar asid, daga kalmar Larabci mai nufin tokar wata shuka ta fito, ba ta da alaƙa da alƙalinmu na kotu, wanda ya fito daga al-qadi. Amma also, always da already ba Larabawa ba ne, all ce ta Turanci ta rage l ɗaya.

Saura wani rukuni da ke tsaka-tsaki, wanda ni kaina nake sha'awa. Kalmomi da yawa masu farawa da gl suna da alaƙa da haske: glow haske mai laushi, glitter ƙyalƙyali, gleam sheƙi, glare haske mai kashe ido, glass gilashi. Masu sn da yawa sun shafi hanci: sneeze atishawa, snore minshari, sniff sunsunawa, snout hancin dabba. Masu wr da yawa murɗiya ce a cikinsu: wring murɗe tufa don ruwa ya fita, wrist wuyan hannu, wrestle kokawa, wrap naɗewa, wrinkle tamoji, har wrong, wadda asalinta "karkatacce" ne kafin ta zama "ba daidai ba", kamar dai yadda muke cewa magana ta karkace. Masanin harshe J. R. Firth ya yi wa irin wannan suna tun 1930. Yana taimaka wa ƙwaƙwalwa sosai, amma ba doka ba ce: glove safar hannu ce, glue gam ne, snow dusar ƙanƙara, snake maciji. Ina ba yara shi a matsayin sandar dogarawa, ina kuma gaya musu inda take karyewa.

Abin da nake roƙo, ya Edita, ba mai tsada ba ne. Ku ci gaba da buga jerin, kada ku fasa. Amma a saman kowane jeri a ƙara layi biyu da za su gaya wa mai karatu me ya haɗa waɗannan kalmomi: rubutu ne kawai, ko furuci, ko ma'ana. Idan saiwa ce, a faɗi saiwar da abin da take nufi. Idan furucin ya bambanta, a nuna shi da haruffan Hausa gwargwadon iko, ko da ba zai fita cif-cif ba. A kuma sa kalma ɗaya ko biyu masu kama da 'yan gidan alhali baƙi ne, a nuna su da yatsa. Sannan kowace kalma ta zo cikin jimla, domin na ga ɗalibai da yawa da suka haddace cewa through na nufin "ta ciki" amma ba su iya cewa jirgi ya ratsa ta cikin gajimare ba. Kalma takwas da aka yi wa haka sun fi mini talatin da aka zube a jere.

Jikata yanzu ta raba shafin nata gida bakwai da jan biro, kowane furuci da gidansa, ta kuma buɗe sabon shafi ta rubuta spect a tsakiya. Jiya ta zo mini da aspect da perspective, ta ce ita ta samo su da kanta a littafin karatunta, tana so in tabbatar mata ko 'yan gidan ne. Na ce mata 'yan gidan ne. Ina da tsofaffin takardun darasi da na tara a kan saiwoyi kusan arba'in, kowace da danginta da baƙinta da jimlolinta. Idan mai kula da shafin yana so, zan kwafe su in aiko muku ɗaya-ɗaya kowane mako.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin Turanci, mai karanta jaridarku